Ƙuri'ar raba gardama: inda dokar Najeriya ta ba ka dama, inda ta hana ka, da yadda za ka gane ta gaskiya

Duk sadda gwamnati ta yi abin da ya ƙona ma mutane rai sai ka ji ana cewa ai kamata ya yi a yi ƙuri'ar raba gardama a ji bakin talaka. Za ka ji ta wajen mai shayi a Mabera, za ka ji ta a cikin keke daga Gawon Nama zuwa kasuwa, a kan tallafin mai ne, a kan haraji ne, a kan 'yan sandan jihohi ne, kowa da abin da ke cin shi. Ni ma ina cikin masu son a riƙa tambayar mutane kai tsaye a kan manyan lamurra, kuma ina ganin tauye mu anka yi da ba a taɓa kawo muna tsarin mulkin ƙasar ga mu ce i ko a'a ba. Amma wagga ƙuri'a tana da ƙa'idojinta, tana da inda take gyara tana da inda take ɓarna, kuma wanda bai san su ba da sunan jin bakinshi za a cuce shi. Bari mu bi ta daki-daki.

Mataki na farko: ka raba aikin wakili da aikin ƙuri'ar

Mulkin da muke ciki na wakilci ne. Jihar Sakkwato tana da sanatoci 3, 'yan majalisar wakilai 11, 'yan majalisar jiha 30, ga kansiloli a ƙananan hukumomi 23. Su anka ɗora ma karanta kasafin kuɗi layi-layi, su zauna kwamiti, su kira kwamishina ko minista su titsiye shi, su yi ciniki da 'yan wasu yankuna har a samu matsaya. Ƙuri'ar raba gardama ba ta iya ko ɗaya cikin waɗanga, tambaya guda take ɗauka da amsa guda, i ko a'a, ba a cewa na yarda da sakin layi na uku amma a gyara na biyar.

Ka ɗauka kamar ka ba makiyayi kiwon shanunka, ba za ka bi shi kullum kana faɗa mashi inda zai kai su ruwa ba, don haka ma ka ɗauke shi, amma ranar da zai sayar da saniya ko ya haɗe garkenka da na wani dole ya zo ya ji daga bakinka. To abubuwan da sunka cancanci a dawo wa mai abu su ne irin canza tsarin mulki gaba ɗaya, raba ƙasa ko haɗe ta, yanka sabuwar jiha, ƙara ma shugaba wa'adi, da korar wakilin da ya ci amana. Farashin taki ko albashin malaman firamare ba su cikin wanga layi, waɗannan aikin majalisa ne, in ba su yi ba ka kama su da laifin a zaɓe mai zuwa.

Mataki na biyu: ka san ƙofofin da tsarin mulkin 1999 ya buɗe

Nan ne mutane da yawa ke shan mamaki. Tsarin mulkinmu ya ambaci wagga ƙuri'a a wurare ƙalilan ne, sashe na 8 a kan sabuwar jiha da sabuwar ƙaramar hukuma, sashe na 69 a kan yi wa sanata ko ɗan majalisar wakilai kiranye, wato mutanen mazaɓarshi su cire shi kafin wa'adinshi ya cika, sai sashe na 110 a kan kiranyen ɗan majalisar jiha. Shi ke nan. Babu inda ya ce in mutane miliyan kaza sunka sa hannu dole a kawo wata doka gaban jama'a, babu inda ya ba wani yanki damar ƙuri'ar ɓallewa, kuma gyaran tsarin mulkin shi kanshi, wanda sashe na 9 ya tsara, ba ya biyowa ta kanka ko kaɗan, kashi biyu cikin uku na majalisar dattawa da na wakilai ake nema sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince.

Ka duba tarihin jiharmu ma ka gani. Gowon ya yi Jihar Arewa maso Yamma a 1967, Murtala ya raba ta a 1976 anka samu Sakkwato da Neja, Babangida ya cire Kebbi a 1991, Abacha ya cire Zamfara a 1996, dukansu da dokar soja anka yi su, a rediyo iyayenmu sunka ji labari. Shi ma tsarin mulkin 1999 gwamnatin Janar Abdulsalami ta fitar da shi da doka mai lamba 24, ga shi ya buɗe da cewa mu jama'ar Najeriya ne munka shirya shi, alhali ba a kafa akwati ko guda ba. Sau ɗaya tak farar hula sunka taɓa yanka yanki ta hanyar ƙuri'a a ƙasar ga, a watan Yuli 1963, da mutanen Edo da Delta na yanzu sunka zaɓi fita daga Jihar Yamma da kusan kashi 89 cikin 100 na masu rajista.

Saboda haka in wani ya zo maka da takarda wai ka sa hannu za a tilasta wa gwamnati ƙuri'ar raba gardama a kan wata doka, ka tambaye shi a wane sashe ya dogara. In bai da amsa, takardar tashi koke ce kawai, tana da amfaninta na matsin lamba amma ba ta ɗaure kowa.

Mataki na uku: kiranye, yadda ake yin shi tun daga tushe

Wanga shi ne ya fi kusa da hannun talaka, shi ya sa zan daɗe a kanshi.

Da farko ka tabbata wanda kake nufi ɗan majalisa ne. Gwamna da shugaban ƙasa ba a yi masu kiranye, su majalisa ke tsige su ta wata hanya daban.

Sai ku je ofishin INEC ku samo adadin masu rajista na mazaɓar, rumfa-rumfa. Doka ta ce sai fiye da rabin masu rajista sun sa hannu a kan cewa sun yanke ƙauna daga wakilinsu. Ka lura, masu rajista anka ce, ba waɗanda sunka fito zaɓe ba. In mazaɓa tana da mutum 100,000 a rajista to sai kun kawo 50,001, ko da shi ɗan majalisar da ƙuri'a 20,000 ya ci. Kuma cikin wagga rajista akwai waɗanda sunka rasu ba a cire sunansu ba, akwai waɗanda sunka ƙaura, akwai waɗanda 'yan bindiga sunka tada daga garuruwansu a gabashin jiha, su Isa da Sabon Birni, duk suna cikin lissafin da za a auna ku da shi. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, da duk kuɗin da anka kashe da motocin da anka yi haya, kusan kashi 27 cikin 100 na masu rajista ne sunka fito a ƙasa baki ɗaya. To ka ga girman dutsen da za a hau.

Tattara sa hannun kuwa a yi shi da tsabta. Kowace rumfa da takardarta, a rubuta sunan mutum yadda yake a katin zaɓenshi, da lambar katin, sannan ya sa hannu ko ya dangwala da kanshi. Dattijuwa ta zo ba ta karatun boko, a karanta mata abin da ke saman takardar da Hausa ta ji, ta yarda, sannan a kama yatsanta a kai ga tawada. Kar wani ya zauna a zaure da kwafin rajista yana cika sunaye da biro ɗaya, kar a raba taliya ko dubu ɗaya a ce sa hannun tallafi ne, domin duk wanga zai fito fili ranar tantancewa, kuma cin amana ne irin wanda kuke zargin wakilin da shi.

Daga nan sai wasiƙa zuwa ga shugaban INEC a Abuja, da sunayen wakilan masu ƙorafi da adireshinsu na gaskiya da lambobin wayarsu. Kar ku raina wanga, a 2025 da anka kai takardar kiranyen Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta Tsakiya abin da hukumar ta fara tsayawa a kai ke nan, rashin cikakken adireshi da lambar waya, daga baya da ta ƙirga sa hannun ta ce ba su kai rabi ba, magana ta mutu nan.

In adadin ya cika a takarda, INEC za ta sanar da ɗan majalisar, ta sa ranar tantancewa, kuma a rumfunan zaɓe ake yin ta, ma'ana duk wanda ya sa hannu sai ya taka da ƙafarshi da katinshi ya ce i ni ne. Nan ne kiranyen Sanata Dino Melaye na Kogi ta Yamma ya rushe. An kai takardar a 2017 da sa hannu sama da 180,000, ya tafi kotu abin ya ja, da anka zo tantancewa a watan Afrilu 2018 waɗanda anka tabbatar ba su wuce kusan kashi 5 cikin 100 na masu rajistar mazaɓar ba.

In an tsallake wanga sai ita ƙuri'ar, wadda doka ta ce a yi cikin kwana 90 daga ranar da hukuma ta karɓi takarda, kuma nan ma da masu rajista ake auna rinjayen. Wanga kwana 90 ku ke da ikon zaɓen sadda zai fara, to ku yi amfani da shi. Kar ku miƙa takarda yadda ranar za ta faɗo tsakiyar damina mutane na gona, ko bayan samari sun watse cin rani Legas da Fatakwal da katunansu a aljihu, ba a fafe gora ranar tafiya. In an ci, kujera ta zama babu kowa, sai zaɓen cike gurbi.

Tun 1999 ba a taɓa cire ɗan majalisar tarayya ta wagga hanya ba. A ganina an tsaurara ta fiye da kima, ya kamata a ce da adadin waɗanda sunka fito zaɓe ake aunawa. Duk da haka kar a ce ba ta da amfani, ɗan majalisar da ya ji ana bin rumfuna da takarda da gaske, ba 'yan adawa ke wasan siyasa ba, zai dawo gida ya zauna da mutane.

Mataki na huɗu: masu neman sabuwar ƙaramar hukuma ko jiha

Ƙaramar hukuma tana da tsani huɗu. Kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar jiha da kansilolin da ke wakiltar yankin su sa hannu a kan buƙatar, sai ƙuri'ar raba gardama inda kashi biyu cikin uku na mutanen yankin za su amince, sai mafi yawan majalisun ƙananan hukumomin jihar su yarda da sakamakon, sai majalisar jiha ta zartar da kashi biyu cikin uku. Kuma ko an gama waɗanga da saura, don sunayen ƙananan hukumomi 774 a rubuce suke cikin tsarin mulki, sai majalisar tarayya ta yi nata aikin kafin sabuwar ta shiga lissafi. Legas ta gwada a 2003 zamanin Tinubu yana gwamna, ta ƙara 37 a kan 20 da take da su, Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumominta, kotun ƙoli a ƙarshen 2004 ta ce riƙe kuɗin bai halatta ba amma su ma sababbin ba su kammalu ba sai majalisar tarayya ta sa hannu, har yau a matsayin yankunan raya ƙasa suke.

Ta jiha ta fi wuya, bayan ƙuri'ar kashi biyu cikin uku sai mafi yawan jihohin ƙasar sun yarda, sannan majalisar dattawa da ta wakilai kowace da kashi biyu cikin uku. Duk ɗan siyasar da ya yi maka alkawarin sabuwar jiha a kan dandamali ka tambaye shi jihohi nawa ya shawo kansu su yarda a rage masu kason wata. Ba wai ba ta yiwuwa ba ne a duniya, Ghana ta yi a watan Disamba 2018 ta samu sababbin yankuna 6 ta hanyar ƙuri'a, da sharaɗin rabin masu rajista su fito kuma kashi 80 cikin 100 su ce i.

Mataki na biyar: in an kira ƙuri'a, fara da tambayar wa ya kira ta kuma mi zai samu

Mu 'yan Sakkwato ba sai an kai mu nesa ba, daga Illela ka leƙa Ƙonni ka ga misali. Tandja Mamadou ya ci zaɓen shugaban ƙasar Nijar a 1999 ya sake ci a 2004, wa'adinshi zai ƙare a Disamba 2009, sai anka tada maganar tazarce. Kotun tsarin mulki ta ce ƙuri'ar da yake son yi ta saɓa doka, ya rusa majalisar dokoki, ya rusa kotun, ranar 4 ga Agusta 2009 anka yi ƙuri'ar, 'yan adawa sunka ƙaurace, anka ce sama da kashi 92 cikin 100 sun amince ya ƙara shekara 3. ECOWAS ta dakatar da Nijar, ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Salou Djibo sunka kifar da shi. Mutumin yana da masoya na gaskiya, har yau akwai talakawan Nijar da ke yi mashi addu'a, amma wanga bai sa hanyar da ya bi ta zama daidai ba. Alpha Condé na Gini ya bi sawu a Maris 2020, a Satumba 2021 shi ma soja sunka ɗauke shi.

Ka haɗa wanga da abin da ya faru nan gida a watan Mayu 2006, da majalisar dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi watsi da gyaran da zai ba Obasanjo wa'adi na uku. Wakilai ne sunka tare ta, a zaure ɗaya, ana haska su a talabijin kowa na ganin bakin sanatanshi. Da ƙuri'ar jama'a anka kira a wancan lokaci, da gwamnati ke riƙe da 'yan sanda da kuɗi da gidajen rediyo, Allah kaɗai ya san sakamakon da za a karanto muna. Shi ya sa nake jin tsoron duk ƙuri'ar da anka kira don a tsallake majalisa da kotu. Alamominta ba su ɓuya, mai kiran shi ne mai cin riba, an sa rana kusa-kusa, masu cewa a'a ba su samun fili a rediyon gwamnati, kuma an rufe bakin alƙalai kafin a fara.

Mataki na shida: karanta tambayar da kanka, ka nemi abin da ba a sa ciki ba

Akwai ƙuri'ar da ta shafe mu kai tsaye wadda yaranmu da yawa ba su san da ita ba. Yankin Mubi, Gwoza, Ganye har tsaunin Mambila a da amanar Majalisar Ɗinkin Duniya ne a hannun Ingila, ana ce mashi Arewacin Kamaru. A Nuwamba 1959 anka tambaye su, za ku shiga Jihar Arewa in Najeriya ta samu 'yanci ko a ɗage maganar zuwa gaba, mafi yawa sunka ce a ɗage. Abin ya girgiza gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello, da anka bincika sai anka ga babban abin da ke cin mutane shi ne mulkin En'e da ake yi masu daga Yola da Dikwa, sai anka yi gyara anka ba su nasu hukumomin. A Fabrairu 1961 anka sake, wagga karon tambayar ita ce Najeriya ko Jamhuriyar Kamaru, kuma mata sunka yi zaɓe, alhali matan Arewa ba su samu wagga dama ba sai 1976. Kusan kashi 60 cikin 100 sunka zaɓi Najeriya, anka sa wa yankin suna Lardin Sardauna, shi ya sa har yau akwai ƙaramar hukumar Sardauna a Taraba.

Abu biyu za ka ɗauka nan. Sau da yawa mutane na amsa wata tambaya ce daban da wadda ke kan takarda, an tambaye su ƙasa su kuwa haushin hakimi da haraji ke ransu, to kai in ka shiga rumfa ka tambayi kanka, abin da anka rubuta nake amsawa ko gwamna nake son in hukunta. Na biyu, a wagga rana ɗaya Kudancin Kamaru su ma sunka yi tasu sunka zaɓi Kamaru, amma zaɓi biyu kawai anka ba su, ba a sa na uku ba wato su tsaya da ƙafarsu, kuma masu fafutukar yankin da ke magana da Ingilishi har yau suna kafa hujja da wanga a rikicin da ke cin rayuka can. Wanda ya rubuta tambaya ya riga ya yi rabin zaɓen.

Ka kuma duba ko an cusa abubuwa da yawa cikin tambaya guda, a haɗa abin da kowa ke so da abin da mai mulki ke so a ce ka ɗauka duka ko ka bari duka. Kuma a nemi a fassara ta da Hausa da Fulfulde da Zabarmanci da ajami tun da wuri, a sa alamar da wanda bai yi boko ba zai gane. Kenya a ƙuri'ar daftarin tsarin mulki ta 2005 ayaba ce i lemu ne a'a, masu lemu sunka ci da kusan kashi 58 cikin 100 duk da gwamnati na bayan ayaba, anka koma anka sake zama, a Agusta 2010 sabon daftari ya wuce da kusan kashi biyu cikin uku.

Mataki na bakwai: nawa ne rinjaye, kuma su wa ke da ƙuri'a

A san wanga kafin ranar, a rubuce. Sudan ta Kudu a Janairu 2011 an sa sharaɗin kashi 60 cikin 100 na masu rajista su fito, sun wuce haka nesa, kusan kashi 99 sunka zaɓi ɓallewa. Suwizalan in za a taɓa tsarin mulki sai an samu rinjayen mutane da kuma rinjayen jihohi, don kar manyan birane su danne ƙananan yankuna, kuma ƙasa irin tamu mai Kudu da Arewa in har za ta yi to irin wanga ya dace da ita. Birtaniya kuwa ba ta sa komi ba, a Yuni 2016 kashi 51.9 sunka ce a fita Tarayyar Turai kashi 48.1 sunka ce a zauna, Sikotland ta ce a zauna amma dole ta bi.

Mataki na takwas: akwai abin da ba a kai shi akwati

Wanga ya taɓa ni sosai. A Nuwamba 2009 mutanen Suwizalan da kashi 57.5 cikin 100 sunka haramta gina hasumiyar masallaci, a ƙasar da hasumiya 4 ce kawai a lokacin, kuma gwamnatinsu da majalisarsu duk sun ba da shawarar a ce a'a. Ƙuri'a ce mai tsabta, ba maguɗi ba sayen ƙuri'a, amma masu yawa sun taka marasa yawa. In ya yi muna ciwo da anka yi wa Musulmi can, to mu riƙe shi a nan inda mu ne masu yawa, haƙƙin mutum na addininshi da ranshi da dukiyarshi da shari'ar adalci ba abin da za a ce a ƙirga hannuwa a kai ba ne. Ko tsarin mulkinmu ya gane haka, babi na huɗu mai maganar haƙƙoƙi sai da kashi huɗu cikin biyar na majalisar tarayya ake taɓa shi.

Mataki na tara: bayan an ƙirga, aiki na komawa hannun wakilai

Ka tambaya tun farko, sakamakon dole ne a bi shi ko shawara ce, kuma wa zai rubuta dokar aiwatarwa. Ta Birtaniya a doka shawara ce, kuma ba a fayyace wace irin fita ake nufi ba, sai da firaminista biyu sunka sauka, David Cameron da Theresa May, ba a fita ba sai 31 ga Janairu 2020. Kolombiya a Oktoba 2016 mutane sun ƙi yarjejeniyar sulhu da 'yan tawayen FARC da ɗan rinjaye ƙanƙane, anka koma teburi anka gyara, majalisa ta amince da ita a watan da ya biyo. In wakilanka ba su da kirki, ƙuri'ar da ka yi a hannunsu za ta ƙare.

To mai son a buɗe wagga ƙofa a Najeriya mi zai yi? Hanyar ɗaya ce, a gyara sashe na 9, kuma gyaran wanga sashe shi ma kashi huɗu cikin biyar yake nema a majalisar tarayya da jihohi 24, wato sai an roƙi wakilai su rage ikon kansu, ba za su yi don daɗin baki ba sai sun ga mutane a tsaye. Kowace majalisa takan kafa kwamitin gyaran tsarin mulki ta yi zaman jin ra'ayi shiyya-shiyya, ana sanarwa a jaridu da rediyo, kuma ƙungiya ko mutum ɗaya na iya miƙa takarda. Ku haɗu, ƙungiyar 'yan kasuwa ce ko ta malamai ko ta ɗaliban jami'ar Ɗanfodiyo ko ta mata, ku rubuta shafi biyu kar ku wuce, ku kai kwafi ofishin mazaɓar sanatanku da ɗan majalisar wakilai da ɗan majalisar jiha, ku sa a buga maku hatimin karɓa a naku kwafin. A cikin takardar ku faɗi abubuwan da kuke son a riƙa kawowa gaban jama'a da sunansu, sabon tsarin mulki da duk abin da ya taɓa wa'adin shugaba ko gwamna, ku nemi kotu ta duba tambayar kafin a buga ta, a ba da aƙalla wata uku na muhawara da fili daidai ga ɓangarorin biyu a rediyon gwamnati, a nemi rinjayen mutane da na jihohi tare, a cire babi na huɗu daga abin da za a iya kaiwa akwati, kuma a tanadi rumfuna ga waɗanda rashin tsaro ya raba da garuruwansu.